Daƙiƙa Arba'in

Wata uku ke nan ina gini,
ba bulo, ba yashi, ba lebura.
Kwamfutata a kan buhun masara
a ɗakin baya, nan Tudun Jukun,
fanka na juyawa in wuta ta ga dama.

Baba bai taka fili ba tun bara.
Ɓarin jikinsa na hagu ya yi masa yaji,
usur ɗinsa na rataye a ƙusa,
gizo-gizo ya yi masa riga.
Shekara ashirin da shida yana horar da yaran unguwa,
yau filin na bayan katanga, taku ɗari biyu,
amma ya fi masa Legas nisa.

Na ce zan kawo masa filin har ɗaki.

Talabijin ɗin da Yaya Basira ta aiko
mai wayo ne, in ji kwalinsa.
Ni dai taurin kai na tarar.
Ba ya jin taɓi irin na waya,
kibiya huɗu ce da maɓalli ɗaya a tsaka,
duk manhajar da zan gina sai ta bi ta nan,
sai babban yatsan dama ya iya ta shi kaɗai.
Na goge shafin shiga. Na goge jerin zaɓi.
Na bar akwati ɗaya, kore shar,
da manyan baƙaƙe: FILI.

Dare nawa baƙin allo ya zuba mini ido?
Waƙafi guda na manta a layi na tamanin,
ya ci mini kwana biyu da datar dubu uku.
Ɗanjuma mai shayi ya daina tambayar ƙanena na wane ne,
da ya hango kofin sai ya ƙara ganye.

Asabar, bayan la'asar,
Tukur ya ɗaure waya a kan gora
ya haye katangar makaranta.
Na danna. Da'irar nan ta hau juyi,
juyi, juyi, kamar akuya a turke,
har na fara karanto duk abin da na iya.
Sai ga jar ƙasa. Sai ga raga mai faci.
Sai ga ƙafafu.

Baba ya ɗago.
"Wancan ɗan gidan Sale ne," bakin a karkace,
"har yau bai iya tsayuwa ba."

Minti na talatin, ihu ya faɗo ta taga,
ya kaɗa labule, ya wuce.
A allo kuwa ƙwallo na tsakiyar fili,
ba wanda ya san komai tukuna.
Na ƙirga. Daƙiƙa arba'in cif.
Hoton sai ya je wata ƙasa mai sanyi
ya gai da wata na'ura kafin ya dawo,
ihu kuwa katanga kawai ya tsallaka.

Kunya ta rufe ni. Kai-tsaye na yi alkawari.
Na jawo kwamfuta, zan rage, zan datse,
ko su dawo goma, ko takwas.

Hannunsa mai lafiya ya sauka a kan nawa.
"Bar shi haka, Nuratu.
Da ina bakin fili, sai an ci nake farga,
ni da kowa, baki buɗe.
Yanzu an sanar da ni tun da wuri,
sai in kafa wa masu tsaron baya ido
in ga wanda ya yi barci."

Ga shi kuwa, lamba huɗu,
ya waiga yana gyara safa,
aka bi ta bayansa kamar ƙofar da ba ƙyaure.
Baba ya yi tsaki, irin wanda na manta sautinsa.
"A turo mini shi gobe da safe.
Ya zo da takalmansa."

Saura minti biyar wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Wani ihun ya shigo, ya fi na farko,
ba mu san ragar wa ba.
Na miƙe neman fitila,
sai na ji shi a bayana, ƙasa-ƙasa,
idonsa kan baƙin gilashi:
ɗaya, biyu, uku, huɗu